Idan Kasuwa Ta Juya: Yadda Ake Rage Ko Ƙara Kuɗin Ciyarwa Bayan Saki A Unguwar Briqueterie

Duk falken da ya taɓa sauka a birnin Yawunde ya san unguwar Briqueterie, wadda mazauna garin ke taƙaitawa su ce La Brique. Da la'asar sakaliya hayaƙin tsire yakan turnuƙe bakin titi, kekunan ɗinki na ta ƙara a shagunan teloli, masu shadda da atamfa na lissafin cinikin yini, ladan kuma na shirin kiran magariba a babban masallacin unguwar. Sunan wurin na asali shi ne Ekoudou, amma sunan ma'aikatar yin bulo ta zamanin Turawa ya bi shi ya zauna. Tun zamanin mulkin Jamus fatake Hausawa suka fara sauka a Yawunde, kuma har gobe Briqueterie ce masaukin baƙon da ya taso daga Garwa ko Marwa, ko kuwa daga Kano, Mubi da Maradi.

Sai dai a bayan wannan hada-hada akwai wata magana da ba a cika yin ta a bainar jama'a ba, alhali tana cikin waɗanda suka fi kai mutane gaban limamai da masu unguwa. Maganar ita ce ta kuɗin ciyarwa bayan rabuwar aure. Ranar da aka yanka kuɗin, galibi kowa yakan tashi da yarda. Rigima tana tasowa ne bayan shekara ɗaya ko biyu, sa'ad da al'amura suka sauya wa mijin, ko matar, ko su duka biyun.

Mu ɗauki misalin da ba zai zama baƙo ga kowane ɗan kasuwa ba. Mutum ne mai sayo kaya daga Nijeriya, ya sauke a Garwa, ya ɗoro su a jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde. Ya rabu da matarsa suna da 'ya'ya 3, aka yanka masa sefa 40,000 a kowane wata. Ya yi shekara guda yana biya ba fashi. Kwatsam aka rufe iyaka, kayansa suka maƙale, masu binsa bashi suka taso. Ya koma aika 20,000, daga baya 10,000, daga nan kuma ya daina ɗaukar waya don kunya. A ɗaya ɓangaren, mai gida ya ƙara wa matar kuɗin haya, babban yaron ya ci jarrabawar shiga sakandare, ƙaramar kuma ba ta rabuwa da zazzaɓi. Shi yana ganin an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ita kuma tana ganin ko an biya 40,000 ɗin cif-cif ba za su kai ƙarshen wata ba. Kowannensu yana da gaskiya, kuma kowannensu yana da hanyar da Shari'a da dokar ƙasa suka buɗe masa. Abin takaicin shi ne da yawa ba su san da hanyar ba.

Abubuwan da ke ɓata wa ɗan kasuwa lissafi

Masu iya magana sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wanda ya daɗe a kasuwannin kan iyaka ya ga hakan da idonsa. A shekarar 1993 gwamnatin Kamaru ta zabtare albashin ma'aikata har sau biyu, lamarin da ya kashe ciniki a birni irin Yawunde, inda ma'aikatan gwamnati ke da yawa cikin masu saye. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farashin duk kayan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo. A watan Fabrairun 2008 tsadar rayuwa da ƙarin kuɗin mai suna cikin abubuwan da suka haddasa tarzoma a Duwala da Yawunde da wasu garuruwa.

Daga shekarar 2014 rikicin Boko Haram ya durƙusar da kasuwannin Banki da Amchide da Gamboru da Fotokol, inda ɗimbin 'yan kasuwa suka bar shagunansu suka tsira da rai kawai. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗe su ba sai a Disambar 2020, kuma a tsakani, a watan Maris na 2020, ita ma Kamaru ta rufe nata saboda annobar korona. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur a Nijeriya, abin da ya taɓa masu sana'ar zuwa-zuwa a arewacin Kamaru kai tsaye. A cikin Kamaru kuwa, litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, sannan ta kai 840 a Fabrairun 2024, kuɗin mota da na dakon kaya suka bi sahu.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya rage abin da ke shiga aljihun mai ciyarwa, ya kuma ƙara abin da ke fita daga hannun mai riƙon yara. Kuɗin da aka yanka lokacin da buhun shinkafa ke da sauƙi ba zai yi aikin da aka yanka shi dominsa ba bayan farashi ya hau. Saboda haka tambayar da ya kamata a yi ita ce: shin abin da aka yanka ya zauna ke nan har abada?

Abin da Shari'a ta tanada

Malaman Briqueterie, kamar takwarorinsu na Kano da Sakkwato da Damagaram, galibi Malikawa ne, kuma littattafan da ake komawa gare su a wannan babi su ne Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Mukhtasar na Shehu Khalil da Tuhfa ta Ibn Asim. Abu na farko da ya kamata mai karatu ya rarrabe shi ne haƙƙin matar da aka saka daban, haƙƙin 'ya'ya daban.

Matar da aka yi wa sakin kome tana da ci da sha da tufafi da wurin zama har ta gama idda, domin kuwa har lokacin igiyar aure ba ta gama tsinkewa ba. Wadda aka yi wa sakin da babu kome a cikinsa tana da wurin zama a lokacin idda, amma ba ta da ciyarwa, sai fa idan tana da ciki, to a nan za a ciyar da ita har ta haihu. Akwai kuma kyautar sallama da ake kira mutu'a, wadda Malikawa suka ce mustahabbi ce, gwargwadon halin mijin. Idan idda ta ƙare, ciyar da ita kanta ya sauka daga wuyansa. Amma idan tana shayar da ɗansa bayan aure ya ƙare, tana da damar neman ladan shayarwa.

Ciyar da 'ya'ya kuwa saki ba ya taɓa shi. Uba ne zai ci gaba da ɗaukar nauyin ɗa namiji har ya balaga yana mai iya neman na kansa, 'ya mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta. Riƙon yara, wato hadana, uwa ce ta fi cancanta da shi. Idan ta auri wani bare ya tare da ita, riƙon yakan koma hannun mahaifiyarta ko wadda ke biye a jerin masu haƙƙi. A nan ne maza da dama ke yin kuskure, su ɗauka tunda tsohuwar matarsu ta yi aure to sun huta. Abin da ya sauya shi ne hannun da zai karɓi kuɗin, amma nauyin yana nan a kan uban.

Game da adadi, aya ta 7 ta Suratul Ɗalaƙ da aya ta 233 ta Suratul Baƙara sun ɗora ma'aunin a kan ƙarfin mai ciyarwa, mai yalwa da gwargwadonsa, mai ƙunci da gwargwadonsa. Shehu Khalil, a inda yake bayanin ciyar da mata, ya lissafa abubuwan da alƙali zai duba, wato ƙarfin mijin da matsayin matar da garin da ake zaune da kuma farashin kaya. Ya kuma nuna ana iya yanka ciyarwa ta kullum ko ta mako ko ta wata ko ta shekara, bisa yadda samun mutum ke zuwa masa. Tunda gari da farashi da ƙarfin aljihu duk abubuwa ne masu sauyawa, ke nan adadin da aka gina a kansu shi ma yana karɓar sauyi. Mai tsiren da ke samun na kullum ba a matsa masa sai ya biya na shekara, haka nan wanda Allah Ya buɗa wa bayan an yanka masa kaɗan ba zai laɓe a bayan tsohon adadi ba.

Abin da dokar Kamaru ta ce

A yankunan da ke amfani da Faransanci, ciki har da Yawunde, kotunan zamani na aiki ne da kundin dokokin zamantakewa da aka gada daga Faransa, wato Code civil, kamar yadda yake kafin samun 'yancin kai a 1960. Sashe na 301 na kundin ya ba kotu ikon yanka wa wanda ya yi nasara a ƙarar kashe aure kuɗin ciyarwa daga dukiyar ɗayan, idan ba shi da abin dogaro. Sashen ya gindaya sharuɗɗa biyu masu muhimmanci. Na farko, kuɗin ba zai wuce kashi 1 cikin 3 na abin da mai biya ke samu ba. Na biyu, ana iya soke shi duk lokacin da buƙatarsa ta kau. Auren da mace ta sake yi, ko aikin da ta samu mai ɗauke mata nauyi, suna cikin dalilan da ake kafa hujja da su wajen neman sokewa. Ita Faransa ta sauya wannan tsari tun a 1975, amma Kamaru ta ci gaba da tsohon.

Dangane da yara, sashe na 203 ya wajabta wa ma'aurata ciyar da 'ya'yansu da tarbiyyarsu, sashe na 303 kuma ya ce ko a hannun wa yaran suke bayan rabuwa, uwa da uba kowa zai ba da gudummawa gwargwadon ƙarfinsa. A nan akwai bambanci da fiƙihun Malikiyya, wanda ya ɗora kuɗin ciyarwa a kan uba shi kaɗai. Ma'ana, a gaban kotun gwamnati, idan uwar yara tana da shagon ɗinki ko tana sayar da abinci tana samu, alƙali zai sa wannan a lissafi.

Sassan da suka fi shafar batunmu su ne na 208 da na 209. Na 208 ya ce ana auna ciyarwa ne da buƙatar mai nema da kuma dukiyar mai bayarwa. Na 209 ya ce idan mai bayarwa ya shiga halin da ba zai iya ba, ko mai karɓa ya daina buƙata, gaba ɗaya ko wani ɓangare, ana iya neman a rage ko a ɗauke nauyin baki ɗaya. Bisa wannan ma'auni ne kuma mai riƙon yara ke iya komawa kotu ta nemi ƙari idan buƙatun yaran sun ƙaru ko samun uban ya bunƙasa. Ashe ke nan a kan wannan gaɓa Shari'a da dokar ƙasa bakinsu ɗaya: adadin ciyarwa yana bin halin da ake ciki.

Haɗarin yin shiru

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake yin sauyin. Mutum ba shi da ikon rage wa kansa abin da kotu ta yanka. Muddin ba a koma gaban alƙali an sauya hukuncin farko ba, yana nan da ƙarfinsa, kuma duk watan da ba a cika ba yana taruwa ne a matsayin bashi. Mutumin da muka kawo misalinsa, idan kotu ce ta yanka masa 40,000 ya shekara yana aika 20,000, to ya wayi gari da bashin sefa 240,000 a wuyansa, ko da kuwa kowa a kasuwa ya shaida karayarsa.

Abin bai tsaya ga bashi ba. Sashe na 180 na kundin hukunta laifuffuka na Kamaru, wanda aka sabunta a ranar 12 ga Yulin 2016, ya tanadi ɗaurin wata 1 zuwa shekara 1, da tarar sefa 20,000 zuwa 400,000, ko ɗaya daga cikin biyun, ga duk wanda ya haura wata 2 bai biya cikakken kuɗin ciyarwar da kotu ta ɗora masa ba, na matarsa ne ko na iyayensa ko na 'ya'yansa. A lura da kalmar cikakke, domin biyan rabi ba ya kuɓutar da mutum. Bugu da ƙari, dokar tana ɗaukar rashin biyan a matsayin ganganci har sai wanda ake ƙara ya kawo hujjar akasin haka, kuma talaucin da mutum ya jawo wa kansa ta hanyar shashanci, kamar shaye-shaye, ba uzuri ba ne. Ɗan kasuwar da aka tsare na wata 3 kacal ya san abin da zai tarar a shagonsa, ga kuma zubewar mutunci a idon masu ba shi kaya bashi.

Ita ma matar shirunta yana da tsada. A fiƙihun Malikiyya, ciyarwar 'ya'ya da lokacinta ya wuce tana faɗuwa daga kan uba ko da mai hali ne, sai idan alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuma wanda ya ciyar da yaran ya yi ne da niyyar a biya shi, ba don kyauta ba. Don haka macen da ta yi shekara 3 tana sayar da ƙosai da kunu tana ciyar da yara, tana kawaici don kada a ce ta kai uban 'ya'yanta ƙara, tana iya zuwa daga baya a ce mata abin da ya wuce ya wuce. Kawaici hali ne mai kyau, amma ya kamata a haɗa shi da shaidu da rubutu.

Wace ƙofa za a ƙwanƙwasa?

Ƙa'idar mai sauƙi ce: inda aka ɗaura, nan ake komawa a kwance. Idan a zauren liman ko na mai unguwa aka yi sulhu aka yanka kuɗin, to can za a koma, tare da waliyyin matar da shaidun farko idan suna nan, a rubuta sabon adadi da ranar da zai fara aiki, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa. Wannan hanya ta fi sauri da araha, ta kuma fi rufin asiri. Rauninta shi ne takardar zaure ba ta da ƙarfin da za a tilasta wa mutum da ita idan ya ƙi. Wanda ke son ta yi ƙarfi sai ya kai ta kotu a tabbatar da ita. Haka kuma ofisoshin jin daɗin jama'a da na Ma'aikatar Kula da Mata da Iyali, wadda aka kafa a 2004, suna zaman sulhu tsakanin iyaye a kan irin wannan matsala.

Idan kuwa hukuncin kotu ne, to kotu ce kaɗai za ta taɓa shi. Dokar ranar 19 ga Disambar 1969 ta tsara kotunan gargajiya a yankin masu Faransanci, inda kotun da ake kira Tribunal de Premier Degré ke sauraron shari'un aure da saki da gado, tare da masu taimaka wa alƙali waɗanda suka san al'adar masu shari'ar. Sai dai wannan kotu tana aiki ne idan ɓangarorin sun amince da ita. Idan wanda ake ƙara ya ƙi tun farko, sai magana ta koma babbar kotu, wato Tribunal de Grande Instance, wadda a Yawunde ita ce ta Mfoundi. A yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma masu amfani da Ingilishi tsarin ya bambanta, domin a can akwai kotunan Alƙali na Musulmi, waɗanda dokar 1979 ta mayar ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a.

Akwai tarkuna biyu da mutanenmu ke yawan faɗawa. Na farko, auren da aka ɗaura a masallaci kawai ba a yi masa rajista a ofishin magajin gari ba. Macen da ta je kotun gwamnati tana neman haƙƙinta na mata, abin da za a fara tambayar ta shi ne takardar aure. Haƙƙin yara ya fi sauƙin nema idan suna da takardar haihuwa mai ɗauke da sunan ubansu, shi ya sa sakaci da wannan takarda babbar asara ce. Tarko na biyu na maza ne. Dokar ranar 29 ga Yunin 1981 ta tanadi cewa mutuwa ko hukuncin kotu ne ke raba aure, ta kuma ba matar da miji ya yi watsi da ita damar neman kuɗin ciyarwa domin kanta da yaran da ke hannunta. Ke nan wanda ya yi wa aurensa rajista, sannan ya rubuta takardar saki ya miƙa a gida, a wurin malamai ya saki, amma a idon hukuma har yanzu mijinta ne, kuma ana iya ɗora masa ciyar da ita bayan iddarta ta daɗe da ƙarewa.

Ga wadda ba ta da kuɗin shari'a, dokar ranar 14 ga Afrilun 2009 ta tsara taimakon shari'a ga marasa ƙarfi, kuma ta ambaci wanda abokin aurensa ya yi watsi da shi ba aiki ba abin hannu, yana neman ciyarwa domin kansa ko yaran da aka bar masa. Ana neman bayanin wannan a ofishin magatakardan kotu.

Hujjar ɗan kasuwa

Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani shari'arsa ba ta da wuya, domin takardar albashinsa za ta yi magana, kuma dokokin OHADA da Kamaru ke aiki da su sun ba da damar a cire kuɗin ciyarwa kai tsaye daga albashi. Ɗan kasuwa kuwa ba shi da albashi, kuma galibi lissafinsa a ka yake. Ranar da ya tsaya gaban alƙali ya ce ya karye, rantsuwa kaɗai ba za ta wadatar ba. Abin da zai taimake shi shi ne littafin shiga da fita na shago, rasit na haraji, takardun kwastan ko duwan na kayan da aka riƙe, takardar 'yan sanda ko ta 'yan kwana-kwana idan sata ko gobara ce, takardar asibiti idan ciwo ne ya kwantar da shi, da kuma shaidar shugabannin kasuwa. Biyan da ya riga ya yi shi ma yana buƙatar shaida. Wanda ke aikawa ta Orange Money ko MTN Mobile Money kada ya goge saƙonnin, wanda ke ba yaron mota ko ɗan aike kuwa ya riƙa karɓar 'yar takarda.

Ya kamata kuma mutum ya san cewa rayuwarsa ta fili hujja ce a kansa. Wanda ya ce ba shi da 40,000 na yara, amma a cikin shekarar ya yi sabon aure da lefe na akwatuna, ko ya sauya mota, zai sha wuya kafin ya gamsar da alƙali ko liman. Gaskiya ne ana duba sabon nauyin da ya hau kan mutum, amma yaran farko ba su daina cin abinci don an yi musu ƙanne ba.

Ita ma mai neman ƙari da tata hujjar za ta zo. Ko da yake an soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a Kamaru tun shekarar 2000, iyaye na biyan kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ga littattafai da yunifom, ga kuɗin jarrabawar CEP da BEPC, ga na Islamiyya. Ta adana rasit na waɗannan duka, da na haya da na magani. Idan tana cewa samun uban ya ƙaru, ta faɗi abin da za a iya tabbatarwa, kamar sabon shago ko motar haya, ta bar jita-jitar gidan biki. Ana kuma iya ɗaukar mafi ƙarancin albashi a matsayin ma'auni na kusa, domin a watan Maris na 2023 an ɗaga shi daga sefa 36,270 zuwa 60,000 a akasarin kamfanoni masu zaman kansu, abin da ke nuna ita kanta hukuma ta yarda rayuwa ta yi tsada.

Idan iyaka ta shiga tsakani

Matsalar da ta keɓanta da masu karatunmu ita ce ta kuɗi iri biyu. Sefa a ɗaure take da yuro tun 1999, a kan sefa 655.957 kowane yuro 1, naira kuwa tana hawa da sauka. Kafin watan Yunin 2023 dala 1 tana kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati, amma zuwa Fabrairun 2024 ta kai wajen naira 1,500. Wanda shagonsa ke Mubi yana ciniki da naira, yaransa kuma suna Briqueterie ana yi musu cefane da sefa, ya tarar da nairar da yake canzawa don cika adadin wata ta ninka ko ma fiye, ba tare da an ƙara masa ko sisi a takarda ba. Wanda kuma yake samu da sefa, aka yanka masa da naira don yaransa na Kano, nauyin ya yi masa sauƙi ƙwarai, alhali kuɗin ya daina isar yaran. Adalci a nan shi ne na farko a sassauta masa, na biyu kuma ya ƙara tun kafin a roƙe shi.

Don haka duk yarjejeniyar da ta ratsa iyaka ya kamata ta fayyace da wane kuɗi za a biya, da wanda zai ɗauki ladan aikawa. Wasu sun fi ganewa a yanka wani ɓangare da kaya, kamar buhun shinkafa ko masara da galan na mai, uban kuma ya biya kuɗin makaranta da na asibiti kai tsaye. Wannan dabara tana rage gardamar canji, kuma ba ta saɓa wa fiƙihu ba. A sani kuma cewa hukuncin kotun Shari'a ta Kano ko Yola ba ya aiki da kansa a Yawunde, sai wata kotun Kamaru ta ba da izinin zartar da shi bisa dokar ranar 19 ga Afrilun 2007. Tsallaka iyaka don guje wa biya kuwa dabara ce mai gajeren zango, domin falke ba ya rabuwa da hanyar da abincinsa yake.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ƙasar Maroko, wadda ita ma mazhabar Malikiyya take bi, ta tanadi a dokar iyalinta ta 2004 cewa ba za a saurari buƙatar ƙari ko ragi ba sai an shekara da yanka kuɗin, in ban da wani yanayi na musamman. Hikimar ita ce a hana mutane zarya a kotu kowane wata, ba tare da an rufe ƙofa ga wanda masifa ta auka wa ba. Tunisiya ta kafa asusu tun 1993 wanda ke biyan matan da aka saka da 'ya'yansu idan mijin ya ƙi bin hukunci, daga baya asusun ya bi shi bashi. Masar ta yi makamancin haka a 2004 ta hannun bankin Nasser. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu da kwamitocin masallatai, waɗanda dama suke tara gudummawa idan gobara ko rasuwa ta sami ɗan uwa, suna iya duba yadda za su tallafa wa yaran ɗan kasuwar da ya karye na 'yan watanni kafin ya farfaɗo.

Kafin a kai ga sammaci

Ga mai biya, ranar da ka ga alamar ba za ka iya cikawa ba, ranar ce ta zuwa wurin waliyyin uwar 'ya'yanka, ko wurin wanda ya yi muku sulhu, ko wurin magatakardan kotu. Kada ka jira wata 2 su cika. Ka ci gaba da ba da abin da ya sawwaƙa kana riƙe shaida, ka nemi ragi na ƙayyadadden lokaci, kamar wata 6, da alkawarin a sake zama idan kasuwa ta buɗe. Ga mai karɓa, kada ki bari sai bashin mai shago ya kai miki wuya. Ki nemi a zauna tun kafin komawa makaranta a watan Satumba, ki zo da lissafinki a rubuce, kuma idan halinki ya kyautata ko kin yi aure, ki faɗa da bakinki kafin a ji a waje. Ga malamai da masu unguwa, ya dace duk takardar sulhu ta ƙunshi ranar da za a sake duba ta, ko da shekara-shekara ne, domin hakan zai cire kunyar da ke hana mutane dawowa.

Aure yana ƙarewa, amma ɗa ba ya tashi daga ɗa. Yaron da aka kora daga makaranta a Briqueterie saboda sefa 15,000 bai san an rufe iyaka ba, bai kuma san farashin canji ba. Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.